Yadda Ake Kai Maganar Ceto Cikin Gida Ba Tare da An Tsinka Zumunci Ba

Shekarar da na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu da zuciya ɗaya, na tafi ƙauyenmu hutun Kirsimeti, jikina har rawa yake don ɗoki. Na tarar da kawuna a zaure yana tufka igiya. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na zaro Sabon Alkawari daga aljihu, na shiga karanto masa Romawa 6:23, cewa hakkin zunubi mutuwa ne. Ya ƙyale ni na gama tsaf, bai ko ɗago kai ba, sannan ya ce, "Ka sha ruwa kuwa?" Iyakar amsar da na samu ke nan. Shekara uku bayan haka, duk lokacin da ya ga za mu rage mu biyu, sai ya tuna yana da wani aiki a bayan gida.

Ayar ba ta da laifi. Ni ne na shiga gida ta katanga alhali ga ƙofa.

Yi wa baƙo bishara a tasha ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Baƙo bai san ka ba, kuma in ya ji haushi mota za ta raba ku. Na gida kuwa shi ya goya ka, ya san ranar da ka saci naman miya, ya san bashin da ka ci ba ka biya ba. Yesu kansa ya faɗa a Markus 6:4 cewa annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu da cikin danginsa, Yahaya 7:5 kuma ya nuna ko 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba a lokacin. Duk da haka, wani mai aljanu na ƙasar Garasinawa da Yesu ya warkar, da ya roƙa ya bi Yesu cikin jirgi, gida aka tura shi ya je ya faɗa wa mutanensa abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:19). Ga yadda na ga ana yin wannan aiki, daga kurakuraina da kuma abin da na koya wurin dattawan ikilisiya.

Mataki na farko: biya bashin da ake bin ka

Ina nufin bashi na zahiri tukuna. In ka ranci kuɗin taki wurin yayanka damina biyu da suka wuce, kowace kalma da za ka faɗa a kan gafarar zunubi, kunnensa kuɗin takinsa zai riƙa ji. Kai masa. In ba ka da su duka, kai rabi ka faɗi ranar cikon, ka kuma cika. Haka rikicin gado, haka gabar da ke tsakaninki da matar ƙaninki tun ranar suna, haka baƙar maganar da ka yaɓa wa mahaifinka kana saurayi. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo wa Allah baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. In har baiko zai jira sulhu, wa'azi ma zai iya jira.

Wannan mataki shi ya fi cin lokaci, shi ne kuma mutane suka fi tsallakewa, domin neman gafara wurin wanda ka girma yana da ɗaci. Amma na ga abin da yake haifarwa. Wata mata a Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta shekara tana yi wa uwar mijinta addu'a ba ta ga komai ba. Ranar da ta durƙusa ta ce, "Inna, na ɓata miki a baya, ki yafe mini," ta kuma ɗauki aikin kai ta asibiti duk wata, ranar ce tsohuwar ta fara tambayarta me ake koya musu ne a can. Ba wanda ya buɗe littafi.

Sannan zumunci a ƙafa yake. Wanda ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, ba ya zuwa suna, ba ya aiko da gudummawar biki, sai ya zo da takardun bishara, dangi za su karɓa su naɗe ƙosai da su. Je ka taya su girbi, ka zauna jinyar mara lafiya. Yi haka ko da babu wanda zai taɓa tuba a cikinsu, domin haƙƙinsu ne a kanka. In suka gane hidimarka tarko ce, ka yi asarar duka biyun, zumuncin da bisharar.

Mataki na biyu: addu'a da suna

Rubuta sunaye biyu ko uku a bangon ciki na Littafi Mai Tsarkinka, ka sa su a addu'a kullum a lokaci guda, ko da minti biyu ne. Kada ka shelanta. Ban ga amfanin tashi a taron addu'a ka zayyana wa jama'a zunuban mahaifinka ba. Maganar za ta koma masa, ta koma da ƙari. Ka faɗa wa mutum ɗaya mai riƙon asiri, ya isa.

Shirya wa doguwar tafiya. Monika, wata mata daga Tagaste a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ta yi shekaru tana kuka da addu'a domin tuban ɗanta Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya. An haife shi a 354, bai karɓi baftisma ba sai a 387 a Milan, a hannun Bishop Ambros, kuma a shekarar ta rasu. Mijinta ma sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma.

Mataki na uku: san wanda ke gabanka

Gidajenmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙanin da aka haifa cikin ikilisiya irin su ECWA ko EYN ko COCIN ko Katolika, ya haddace waƙoƙi, amma rabonsa da sujada tun da ya shiga jami'a. Akwai kaka daga gidan Maguzawa wadda har yau take riƙe da al'adun iyayenta. Akwai baffa Musulmi mai salla biyar a kan lokaci, domin a kudancin Kaduna, Filato, Bauci, Gombe, Adamawa da kudancin Barno ba abin mamaki ba ne ka sami Kirista da Musulmi ciki ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Magana ɗaya ba za ta yi wa mutanen nan uku ba.

Hanyar sanin mutum ita ce tambaya da yin shiru. Ƙanin nan da ya bar coci, kada ka fara da "Me ya sa ba ka zuwa?", wannan tuhuma ce. Ka ce, "Ni dai na ga kamar wani abu ya ɓata maka rai a can, ko?" Sau da yawa za ka tarar ba ya musun koyarwar. Wani dattijo ne ya ci mutuncinsa a bainar jama'a, ko ya ga yadda aka yi da kuɗin baiko, ko an yi addu'a mahaifiyarku ta warke ta rasu. In haka ne, jera masa ayoyi kamar shafa man zafi ne a kan ƙaya. Ƙayar tana nan. Saurara har ya gama. Inda aka yi masa ba daidai ba, ka ce ba daidai ba ne. Kada ka kare abin da ba ya karuwa don kawai an yi shi a cikin majami'a.

Kaka kuwa, yawanci tambayarta ba ta zunubi ba ce, ta tsoro ce: wa zai tsare gidan daga maita da sammu da iskoki in aka daina abin da aka saba? Da ita, labarin Yesu yana tsawata wa hadari da korar aljanu a Markus 4 da 5 ya fi kusa da zuciyarta fiye da bayanin Romawa.

Mataki na huɗu: girma, kunya, wuri da lokaci

A nan ne littattafan bishara da aka rubuta don wasu ƙasashe ba sa taimakonmu sosai. A wurinmu yaro ba ya zaunar da uba ya koya masa. Ɗan fari da iyayensa akwai kunya, suruki da suruka ma haka, har ido ba a haɗawa. Wanda ya taka wannan da sunan himma, ba za a ce ya cika da Ruhu ba, za a ce addinin nan ya hana shi tarbiyya.

Da na gaba da kai, nemi izini kamar yadda za ka nema a kowace babbar magana. Bayan gaisuwa ta gama zagayawa, an tambayi gida da gona da jiki, sai ka ce, "Baba, akwai abin da ke zuciyata da nake so in faɗa maka, in ka ba ni dama. In ba yau ba, duk ranar da ka ga ya dace." Ka ba shi ikon cewa ba yau ba. Ka zauna ƙasa da shi. Ka yi maganar a matsayin labarin abin da ya same ka. Wata dabara mai kyau ita ce neman ra'ayinsa: ka ba shi labarin ɗan nan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar, sannan ya dawo gida (Luka 15), ka tambaye shi, "A ganinka, Baba, uban nan ya kyauta da ya karɓe shi?" Dattijo yana son a tambaye shi hukunci, kuma zai kwana yana juya labarin.

Inda kunya ta yi yawa, nemi tsaransa. Wani dattijo mai bi wanda suka yi ƙuruciya tare zai faɗa masa abin da kai ba ka isa ba. Kaka da jika kuwa akwai wasa, saboda haka jika yakan isar da abin da ɗa ya kasa.

Ga matar da mijinta ba ya bi, 1 Bitrus 3:1-2 ya yi maganar rinjayar miji ta wurin hali ba tare da magana ba. Kunna wa'azi da ƙarfi a waya don ya ji daga ɗaki, ko sa sunansa cikin addu'ar cin abinci da habaici, duk ya san da shi ake, kuma taurin kai yake ƙara masa.

Wuraren da zan ce a guje musu: zaman makoki, inda zukata suke ɗanye kuma kowace kalma a kan makomar mamaci za ta zama wuƙa, taron biki, gaban baƙi, da zauren WhatsApp na dangi. Wannan na ƙarshen ya raba gidaje da yawa. Saƙon da ka tura wa mutum arba'in a lokaci ɗaya, kowa zai amsa shi ne don idon sauran. Hirar hanyar gona, zaman tsakar gida bayan an ci tuwon dare, doguwar tafiya a mota ku biyu, waɗannan su ne wuraren da mutum yake faɗin gaskiyar cikinsa.

Mataki na biyar: shaidarka, a gajarce

Shirya ta tun kafin ranar, yadda ba za ta wuce minti uku ba: yadda kake a da, abin da ya faru, abin da ya sauya. Na gida sun san na farkon, saboda haka kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka rage. Kada ka ce ka zama wani sabon waliyyi, domin jiya suka ji ka kana yi wa yara tsawa. Ka ce, "Yaya, ka san zafin zuciyata. Har yanzu ina fama, amma yanzu in na yi, ba na iya barci sai na nemi gafara. Da ba haka nake ba."

Cire kalmomin da sai ɗan coci yake ganewa. "Barata", "maya haihuwa", "shafewa", duk suna da ma'ana a wurinmu, amma ga wanda bai saba ba surutu ne. In ba za ka iya faɗinsa da Hausar kasuwa ba, kai ma ba ka gama fahimtarsa ba.

Mataki na shida: faɗin saƙon kansa

Hali yana buɗe ƙofa, amma wata rana dole baki ya faɗi abin. Wasu sukan shekara ashirin suna kyautatawa ba su taɓa cewa komai ba, har dangi su ɗauka kirkin nasu na haihuwa ne. In dama ta zo, abu huɗu ne bangaskiyar Kirista take faɗa a kan ceto, kuma ya kamata su zauna a bakinka ba tare da leƙen takarda ba.

Allah ya halicce mu, yana ƙaunarmu. Dukanmu mun yi zunubi mun kasa (Romawa 3:23), kuma ka fara da kanka a wannan "dukanmu". Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku (1 Korantiyawa 15:3-4). Ceto kuma kyauta ce ta alheri da ake karɓa ta wurin tuba da bangaskiya, ba ladan aiki ba ne, balle wani ya yi fahariya (Afisawa 2:8-9). Ayyuka nagari suna biyo baya kamar yadda aya ta 10 ta nuna.

Misalin da ya fi yi mini aiki a ƙauye shi ne na ɓarnar gona. Yaro ya yi sakaci shanu suka cinye gonar wani, aka kai magana gaban mai unguwa, aka yanka diyyar da yaron ko za a sayar da shi ba zai iya biya ba. Mai unguwa ba zai ce a bar maganar ba, domin an yi ɓarna da gaske. Sai uban ya kwance sansa na noma ya biya. An yi adalci, yaro ya kuɓuta, amma wani ya ɗauki asarar. Kowane manomi ya san nauyin rabuwa da san noma ana gab da damina. Misali ne kawai, kada ka ja shi ya wuce inda ya tsaya.

Kana gamawa ka yi shiru. Kada ka ce ya maimaita addu'a a bayanka nan take. Ɗan'uwa zai iya maimaitawa don kunyarka, ka tafi kana murna, shi kuwa ya gode Allah ka tafi.

Tambayoyin da za su zo

"Addinin Turawa ne." Gaskiya ne Turawan mishan suka kawo shi yankinmu: Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, mishan ta 'Yan'uwa ta fara a Garkida a 1923. Amma ba a Turai ya fara ba. Ayyukan Manzanni 8 ya ba da labarin wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha da aka yi wa baftisma tun zamanin manzanni, ikilisiyoyin Masar da Habasha kuma sun girmi na Ingila da yawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, aka sake fassara shi a 1979.

"Ta yaya Allah zai haihu?" Wannan ita ce tambayar ɗan'uwa Musulmi, kuma tambaya ce ta mai kishin girman Allah, saboda haka ka karɓe ta da mutunci. Faɗa masa babu Kiristan da ya gaskata Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta jiki; mu ma saɓo muke ɗaukar wannan. Sunan "Ɗan Allah" da muke kiran Yesu yana nuna dangantaka ta har abada tsakanin Allah da Kalmarsa, kamar yadda farkon Bisharar Yahaya ya bayyana. Kada kuma ka yi masa wayo da cewa duk abu ɗaya ne. Musulmi suna girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, suna kiransa Almasihu, amma ba su yarda an gicciye shi ba, gicciyen nan kuwa shi ne tsakiyar bangaskiyarmu. Faɗin bambancin a fili cikin ladabi ya fi rufa-rufa. Shawarata kuma, kada ka mai da kanka malamin littafinsa. Ya fi ka saninsa. Tsaya a kan naka.

"To kakanninmu da suka mutu ba su ji ba fa?" A nan ka yi hattara ƙwarai, domin fuskar uwarsa yake gani yana tambayar. Ba a ba ka kujerar shari'a ba. Ibrahim ya ce Mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai (Farawa 18:25), ni ma a nan nake tsayawa.

In aka tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayo, ka kuma dawo da amsar. 1 Bitrus 3:15-16 ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, ya haɗa da sharaɗin tawali'u da bangirma. Yawancinmu rabin farko muka haddace.

Abubuwan da ba a yi

Ba a haɗa taimako da tuba. Kuɗin makarantar ɗan ƙanwarka, ko maganin goggo, ba su da sharaɗin zuwa coci. Ba a zagin abin da wani yake girmamawa, ko da wasa, ko a Facebook. Ban da cewa rashin ƙauna ne, kowa ya san a ƙasar nan irin wannan magana ta jawo asarar rayuka. Ba a zagayawa bayan iyaye a ja yaransu ƙanana. Kuma ba a tona asirin wanda ya zo da tambaya a ɓoye. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da na sauya shi, amma takarda ba ta hana a kori mutum daga gida ko a raba shi da matarsa. Shi zai ɗauki wannan nauyi, saboda haka shi ke da ikon cewa yaushe, kuma wa zai sani. Kada ka mai da shi abin ba da shaida ranar Lahadi.

Bayan an yi maganar

In ya ce yana so ya ƙara ji, ku fara da Bishara guda, Markus ko Luka, babi ɗaya a zama. Wanda ba ya karatu, akwai karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa na saurare, ana sa shi a waya ko a katin ƙwaƙwalwa na rediyo. Haɗa shi da wani mai bi natsattse wanda ba kai ba, domin akwai abin da ba zai iya faɗa wa ɗan'uwansa ba. Maganar baftisma a bar ta ga fasto da shi kansa, ba gaggawa.

In ya ce a'a, ka ce, "Na gode da ka saurare ni, Kawu," ka ci gaba da zuwa kamar da. Kada gaisuwarka ta ragu, kada buhun masarar da kake aikawa ya ƙanƙance. Kada kuma ka tayar da maganar a kowace ziyara har a riƙa gudunka. Ya ji, ya san inda kake. Manzo Bulus ya ce shi ya shuka, abokin aikinsa Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya sa girma (1 Korantiyawa 3:6), kuma a gida sau da yawa mai shuka ba shi ke girbi ba.

Kawun nan nawa, sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi na yi mako biyu ina kwana a ɗakinsa kafin muka koma hira. Ban ɗauko maganar ba. Da zan tafi na bar masa ƙaramar rediyo da kati a ciki, na ce akwai labarai in dare ya yi masa tsawo. Har yau bai taka ƙofar majami'a ba. A zuwana na bara, bayan mun gaisa na sha ruwa, ya miƙo mini rediyon ya ce katin ya daina yi, in gyara masa, domin yana so ya sake jin na yaron nan da ya gudu da gadonsa. Ya ce shi har yanzu yana ganin wan yaron, da ya ji haushin karɓar da aka yi wa ƙaninsa, yana da gaskiya.